Nata'ala da Famfon Jego

A shekarar da ta gabaci ta mulkin kai, maƙwabcina Nata'ala ya tafi Kano cin rani, ya dawo Kibiya da abu biyu: sifana guda ta kwance bututu, da wani kan famfo na tagulla da ya rataya a wuya da igiyar rama kamar laya. Kwana goma sha tara ya yi yana ɗaukar wa ma'aikatan ruwa bututu a gidan wani Bature. Na san adadin, domin ni nake karanta wa matarsa wasiƙun da yake aikowa. Amma in ka ji shi a bakin kasuwa, sai ka rantse shi ya nuna wa ruwan Kano hanya.

"Ku nan wahala kuke sha," in ji shi. "A can ba a zuwa wurin ruwa. Shi yake zuwa ya tsaya cikin bango yana jiranka kamar bara. Ka murɗa nan, sanyi. Ka murɗa can, zafi."

Manu maƙeri, abokin wasansa tun suna yara, ya ce, "To wa yake turo shi?"

"Furesha."

"Mutumin ina ne?"

"Ba mutum ba ne. Ƙarfin da ke tura ruwa ne. Wannan ilmi ne, Manu, ba bugun fartanya ba."

Da abin ya tsaya a baki da ba wanda ya cutu. To amma a lokacin matarsa Jummai tana da tsohon ciki, bayan shekara shida da aure ba haihuwa. Nata'ala ya yi abin da kowane magidanci yake yi, ya tara itacen jego har tsibin ya kai kan katanga. Wata Laraba da hantsi Jummai ta sauka lafiya, aka sami mace. Kafin azahar uwarta, Iya Fanta, ta iso daga Kahu da ƙunshinta a ka.

Kowa ya san haihuwar fari a gidan iyaye ake wankanta. In an yi suna, uwa ta tafi da 'yarta gida, a yi kwana arba'in ana wankan ruwan zafi safe da yamma. Sai dai arba'in ɗin Iya Fanta ba irin ta mutane ba ce. Yayar Jummai da ta je wanka Kahu, ɗan da ƙafarsa ya dawo gidan ubansa. Shi kuwa Nata'ala, wanda ya kamata ya yi kunyar 'yar fari, sau goma yake leƙa ɗakin a yini, ya ƙirga yatsun jaririyar, ya fito yana cewa hannun injiniya gare ta. Da ya ji zancen Kahu sai tuwo ya ƙi wuce masa.

Suruki da surukuwa ba sa magana ido da ido. Don haka Iya ta sami wata jar akuya da ke ɗaure a tsakar gida ta mai da ita 'yar aike.

"Ke akuya," in ji Iya, "gaya wa masu gida, kashegarin suna zan kama hanyar Kahu da 'yata da jikata."

Nata'ala ya tsuguna, ya cire hula, ya dubi akuyar. "Akuya, a tambayar mini Iya, me ke Kahu wanda babu a nan?"

"Ruwan zafi, safe da yamma, ba fashi. Namiji a kwana na tara yake gajiya."

"A gaya wa Iya, ni daga cikin bango zan kawo mata shi. Ba hayaƙi, ba ɗauka, ba fifita. Ta murɗa, ya zo."

Iya ta bari akuyar ta gama tuƙa. Sannan ta ce, "Gaya masa na ji. Ranar suna da la'asar zan murɗa. In kwatarniya ta cika da tafasasshen ruwa, na bar su. In ba ta cika ba, ko ɗankwalin 'yata ba zan bari a gidan nan ba."

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, kuma gajeriya ce, don haka abin da zan faɗa daga nan na gani ko na ji da kunnena.

Ran Alhamis da sassafe Nata'ala ya ari jakuna uku, ya ɗora musu itacen jego kaf, ya nufi Rano. Da yamma ya dawo da tsohon duron man gyaɗa da bututun ƙarfe biyu. Wani mai tsire ya ba shi su, ya karɓi itacen.

Jummai ta leƙo daga ɗaki. "Maigida, ina itacen?"

"Na mai da shi inji."

"To da me Iya za ta dafa ruwan yau?"

"Haƙurin kwana shida ne. Inji ba ya cin ice. Kara uku ya ishe shi."

A ranar Iya ta fara ƙone dangar bayan gidana. Matata ce ta ba ta izini. Ni ba a tambaye ni ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Nata'ala ya kafa duro a kan murhu a ƙasa, ya sa Manu ya huda masa gindinsa, ya zura bututu, ya lanƙwaso shi sama, ya maƙala famfon a bangon wurin wanka daidai kafaɗarsa. Ya cika duro, ya kira mu. Ya yi bisimilla ya murɗa. Famfo ya dube mu, muka dube shi.

"Ruwan Kibiya bai waye ba," in ji shi. "Na Kano har bene yake hawa."

Limaminmu, Malam Abdulganiyyu, mutum ne mai sanyin magana. Ya shafa gemu ya ce, "Ni dai tun da nake, ban ga ruwa ya hau tudu ba sai a kan mutum."

Na ce wa Nata'ala a iya sanina tankin Kano a sama ake ɗora shi, ruwan gangarowa yake yi.

"Madalla," in ji Nata'ala. "Dama gwada ku nake yi, in ga ko akwai mai kai a unguwar nan."

Ran Asabar aka hau da duro kan soron turakarsa. Maza shida, igiya biyu. Sau biyu yana kuɓucewa. A na farko ya kashe randar Jummai, a na biyu ya bi Manu har bakin zaure. Da aka samu ya zauna, Nata'ala ya jera duwatsu uku a kan rufin ya ɗora shi.

Manu ya ce, "Wuta za ka hura a kan azara?"

"Akwai ƙasa a tsakani."

"Ƙasar taƙi ɗaya ce."

"Shi ya sa kai maƙeri ne, ni injiniya."

A garinmu namiji ba ya hawa soro sai ya yi shela, don matan maƙwabta su kimtsa. Nata'ala kuwa garwa goma sha ɗaya duronsa yake ci, kowace sai ya hau tsani da ita. Ga mantuwar sifana, ga mantuwar tsumma. Na ƙirga a ranar sau talatin da huɗu ya ce, "A rufa, za a hau sama." Matan gida biyar suka yini suna gudu ɗaki suna fitowa. Daka ta tsaya, tuwo ya kama. Daga bayan wata katanga wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "In ka hau ka zauna can mana, mu huta."

Manu yana zaune a inuwa yana kallonsa da garwa a ka. "Ashe ruwan da ke zuwa da kansa, kai ne kake kai shi?"

"Sau ɗaya ne. In ya san hanya shi ke nan."

Ran Lahadi aka ga bututun bai kai ba, saura kamu huɗu. Nata'ala ya saro gora, ya huda gaɓoɓinta da jan ƙarfe, ya haɗa. Mahaɗar kuwa ya liƙe da kakin zuma da tsumma. Ya sauko ya murɗa. Famfo ya yi kakari, ya yi shaƙuwa, sai ga ruwa siriri kamar zaren saƙa.

Ban taɓa ganin mutum ya yi murna irin wannan ba. Ba takalmi ya fita. Ya zaga kasuwa, ya tsai da wani Bafillace da shanunsa ya ba shi labari, ya ba wani maroƙi hularsa don ya yi masa kirari. Da ya dawo ya tarar wurin wanka ya zama tafki, domin famfon buɗewa kawai ya iya, bai iya rufewa ba. Dalilin da ya sa ma'aikatan Kano suka yar da shi ke nan.

"Roba ce ta cinye," in ji shi. "Ƙaramin aiki."

Ya sami roba, ya yanka, ya sa, ɗigo ya tsaya. Kashegari da na fito da kekena za ni Rano na gane inda ya samo ta.

Ran Litinin aka gwada wuta. Ruwa ya ɗau ɗumi, kaki ya narke, kowace mahaɗa ta fara hawaye. Ƙamshin kaki ya tashi, sai ga ƙudan zuma sun zo bin kayansu. Nata'ala ya sauko tsani ba ta matakala ba. Leɓensa na sama ya kumbura har ya rufe na ƙasa.

Iya ta ce, "Akuya, tambayi masu gida, injin ne ya yi cizo?"

"A gaya wa Iya," in ji shi da ƙyar, "kowane inji sai ya sha jinin mai shi kafin ya saba."

Manu ya ji tausayin jaririyar, ya zo da ɗanyar fata ya ɗaure mahaɗun tam. Guda ɗaya ce ta gagara, wadda ke gindin duro. Tana ta ɗiga a kan rufin, ɗis, ɗis. Ran Talata na shiga turakar na nuna wa Nata'ala wani jiƙaƙƙen tabo a sama, faɗinsa ya kai faifai.

"Gumi ne," in ji shi. "Kai in ka ɗauki duro kwana huɗu ba za ka yi gumi ba?"

Daga nan ya tafi wanzami, ya aika gayyata har Nariya da Unguwar Gai, wai a zo suna kuma a ga abin da ko hakimi ba shi da shi.

Ran Laraba da safe Malam Abdulganiyyu ya raɗa wa yarinya suna Saude. Aka yanka rago, aka raba goro. Yawanci maza daga nan suke watsewa su bar wa mata gida, amma ranar ba wanda ya tafi. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, inda ake hango soron sosai. Ciki kuwa mata maƙil. Ni na tsaya a kan turmi a gidana, ina ganin ciki ina ganin waje.

Bayan azahar Iya ta fito da kwandon ganyen darbejiya. Shi ne ake tsomawa cikin tafasasshen ruwa a kwatarniya a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki. Ta ajiye ta ce, "Akuya, gaya wa injiniya, ruwan jego ba ganye ruwan wanke kwano ne."

Ita nufinta ya sani kawai. Nata'ala, cikin sabuwar babbar riga fara, ya sunkuci kwandon. "A gaya wa Iya, a Kano cikin tanki ake zubawa. Ya fito a haɗe."

"Maigida, ganyen a ƙasa ake sa shi," in ji Jummai daga ɗaki.

"A da ke nan."

Ya yi shela, ya hau, ya juye kwandon kaf cikin duro, ya danna da sanda. Ya mai da murfi, ya liƙe bakin da laka. Ya sa aka miƙa masa dutsen niƙa ya ɗora a kai.

Manu ya ɗago kai daga tabarma. "Nata'ala, ko tukunya ana bar mata numfashi."

"Nan ne furesha take gudu. Yau ba inda za ta."

Ya sa kara uku, suka cinye, ruwa ko ɗumi. Ya sa kara talatin. Ya sa a miƙo masa zanan bayan gida. Ya sa a miƙo ragowar dangata. Daga ƙarshe itacen da aka aro don suyar rago ma ya hau sama. Duro ya fara gurnani ƙasa-ƙasa kamar kura a rami. Murfi ya fara rawa, dutsen niƙa yana tsalle. Nata'ala ya naɗe rigarsa ya hau kan dutsen ya zauna, ya harɗe ƙafa, yana ɗaga wa jama'a hannu. Maroƙin nan ya ci gaba da kirari, amma na lura yana ja da baya.

Aka kira la'asar, aka yi salla a gurguje, liman bai taɓa gajarta addu'a haka ba. Iya ta kai kwatarniya ƙarƙashin famfo. Mata suka kewaye ta.

"A gaya wa Iya ta murɗa," in ji Nata'ala.

Ta murɗa. Famfo ya yi tari. Ya ƙara tari. Ya tofar da ruwa kamar ludayi guda, sannan wani ganye ɗaya ya leƙo, ya tsaya a bakin.

"Akuya," in ji Iya, "gaya masa an sami ganye ɗaya. A gode masa."

Dariyar mata ta tsallaka katanga, maza suka karɓa.

"Yana zuwa," in ji Nata'ala daga sama. "Hanya ce da nisa. A ƙara murɗawa."

"Na murɗa har ƙarshe."

"A murɗa baya."

"Na murɗa baya."

"A ɗan buga shi."

Iya ta ɗauki muciya ta ɗan buga shi.

Ganye ya toshe bututu, murfi a liƙe, tururi ba hanya. Ban san ko muciyar ce ta jawo ba ko lokaci ne ya yi. Kan famfon ya fice daga bango kamar an harba shi, ya wuce ta saman ɗaurin kan Iya, ya tsallaka katangata, ya faɗa cikin tukunyar miyar matata. A lokaci guda gorar nan ta tsage a bakin soro, wani koren ruwa ya yi sama, ya lanƙwaso, ya sauka kan tabarmin maza kamar ruwan bazara. Allah ya taimaka ya huce a hanya. Baƙin Nariya suka watse suka bar takalmansu. Malam Abdulganiyyu bai gudu ba, ya tsaya da ganye uku a rawani yana salati.

"Kun gani?" in ji Nata'ala, yana nan a kan dutsen. "Kun ga ƙarfi? Saura a juya shi ya..."

Bai ƙarasa ba. Rufin da ya kwana biyu yana shan ɗigo, yau kuma ya yini yana shan wuta, ya ce ya gaji. Bai rufta da gaggawa ba. A hankali ya yi, kamar raƙumi zai durƙusa. Muna kallo duro ya nutse, dutsen niƙa ya nutse, Nata'ala ya nutse har ƙirji, har wuya, hannunsa yana sama bai gama nuni ba. Sai muka ji rugugi. Tururi ya fito ta ƙofa, ya fito ta taga, ya fito ta inda rufi yake a da.

Ba wanda ya yi motsi. Jummai ta fito bakin ƙofarta da jaririya a hannu, ta ce, "Maigida?"

Can sai murya daga cikin tururin: "Wannan ita ce furesha."

Ya fito da rarrafe. Duron ya kife ne wajen bango, shi kuwa Nata'ala ya faɗa kan gadonsa. Farar riga ta koma koriya, laka har gira, ganye a manne a ko'ina kamar an shirya shi za a dafa. Ba abin da ya karye, sai dai ya kwana tara bai zauna a kan mazaunansa ba. Jummai da ta tabbata da ransa ta fashe da dariya, ta riƙe ciki tana cewa a taimake ta, ba ta warke ba.

Ruwan duron ya biyo ƙofa, ya ratsa tsakar gida, ya zagaye kwatarniyar ya wuce abinsa. Iya ta karkata ta don kowa ya gani. Ludayi ɗaya da ganye ɗaya.

Nata'ala ya share laka daga fuskarsa. Ya dubi ƙunshin da ke hannun Jummai, ya sunkuyar da kai. Tun da na san shi, ranar na fara ganin bakinsa a rufe.

Iya ta daɗe tana kallonsa ta gefen ido. Sannan ta ce, "Akuya, gobe da safe za mu tafi. Ki kuma gaya masa, a Kahu rijiyarmu da nisa, ice sai an shiga daji, ni kuwa na tsufa. In akwai mai son ganin 'yarsa, akwai garwa biyu da sanda a zaurena."

Kashegari suka tafi: Iya a gaba, Jummai da Saude a kan jaki, Nata'ala a baya yana tafiya a tale. Akuyar ma da ita aka tafi, don ba a zance sai da tafinta.

Ya yi ta ɗiban ruwa da faskare, safe da yamma. Kwana na tara ya wuce bai gaji ba. Kullum bayan wanka akan miƙo masa jaririyar zaure ya ƙirga yatsunta. Mu a Kibiya muka ce sai dai mu gan su baɗi, ko baɗin baɗaɗa.

Ran kwana arba'in cif sai ga su sun dawo, abin da bai taɓa faruwa da wata 'yar Iya ba. Manu ya tare su a bakin maƙera yana tambayar abin da ya faru.

"Aiki ne ya yi kyau," in ji Nata'ala. "Kwana arba'in ruwan zafi bai yanke a Kahu ba. Ni na kafa tsarin."

Jummai ce ta gaya wa matata gaskiyar. Ran kwana talatin da tara Iya ta fito ta tarar da shi a gindin soronta, kansa a sama, yana ƙirga azara, yana auna bango da taki. Ta dubi akuya, ta ga zancen ya fi ƙarfin aike. Ta juyo ta dubi surukinta ido cikin ido, karon farko a shekara shida, ta ce, "Nata'ala, don girman Allah kwashi iyalinka ka tafi."

Duk sun riga mu gidan gaskiya, Iya da Manu da liman da shi kansa injiniyan, Allah ya jiƙansu. Kan famfon yana wurin Saude, ita ma yanzu ta yi jikoki. An ce duk 'yarta da ta haihu, takan rataya shi a ƙofar wurin wanka, ta ce wa mijin ya tafi ya nemo ice.